Sakakken Rubutu a Rahotannin Gudanarwa na Kwamfuta: Nazari Daga Bayanan Kiwon Lafiya a Sakkwato

Tsakure

Manhajojin da hukumomi da kamfanoni ke amfani da su wajen tattara alƙaluma da fitar da rahoto an gina su ne a kan abin da ke ƙirguwa. Duk da haka, kusan kowace daga cikinsu tana barin wani gurbi da mutum zai rubuta abin da yake so da kalmominsa. Wannan maƙala ta dubi wannan gurbi ta fuskar harshe, ta ɗauki tsarin bayanan kiwon lafiya a Jihar Sakkwato a matsayin fagen misali. An bayyana ƙofofi huɗu da sakakken rubutu ke shiga rahoto ta cikinsu, sannan an fito da matsalolin da suka keɓanta da Hausa: baƙaƙe masu ƙugiya, alamar hamza, karin harshen Sakkwatanci, kalmomi masu harshen damo, da korewa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa wajibi ne a adana rubutu yadda mai shi ya rubuta shi, a kuma gina daidaitawar a wani mataki na daban, kuma gina wannan mataki aiki ne na masana Hausa kafin ya zama na masana kwamfuta.

Fitilun kalmomi: sakakken rubutu, allon bayanai, ƙa'idojin rubutu, Sakkwatanci, kiwon lafiya

1.0 Gabatarwa

A ɗauka jami'in tsare-tsare ya buɗe kwamfutarsa a birnin Sakkwato a farkon watan Satumba, ya tarar adadin matan da suka je awon ciki a wata ƙaramar cibiyar lafiya ya faɗi ƙasa warwas a watan Agusta. Allon ya nuna masa faɗuwar da jan launi, amma bai faɗa masa dalili ba. Mai yiwuwa ruwa ne ya yanke hanya, kamar yadda ya faru a garuruwa da dama na gabashin jihar lokacin ambaliyar Goronyo ta shekarar 2010. Mai yiwuwa ungozomar cibiyar ce aka yi wa canjin wurin aiki, ko rashin tsaro ya hana mata fita, ko kuma kuskure ne kawai wajen kwafar lamba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana buƙatar mataki na daban, kuma mutum ɗaya ne ya san gaskiyar lamarin, wato ma'aikacin da ya cika fom ɗin. Idan tsarin bai ba shi wurin da zai rubuta jimla ɗaya ba, ko ya ba shi amma ba wanda ke iya gano jimlar daga baya, to saninsa ya tsaya a inda yake.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba da tsofaffin rubuce-rubucen malaman Sakkwato. A cikinsu akan sami matani a tsakiyar shafi, sannan a gefe da tsakanin layuka akwai hashiyar da malami ko ɗalibi ya ƙara, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da ajamin Hausa ko Fulfulde. Hashiya ba ta sauya matani, amma sau da yawa ita ke warware shi. Alƙaluman rahoto su ne matani, sakakken rubutu kuwa shi ne hashiyarsu. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake karɓar wannan hashiya a rahotannin zamani, da abin da ke samun ta idan da Hausa aka rubuta ta. Dukkan jimlolin misali da ke ciki an shirya su ne domin bayani, ba a ciro su daga rumbun wata hukuma ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Rahoton Gudanarwa na Kwamfuta

Abin da ake nufi a nan shi ne abin da masana harkar ke taƙaita sunansa da BI, wato tsarin da ke janyo bayanai daga wurare daban-daban, ya tara su a rumbu ɗaya, ya lissafa su, sannan ya nuna su a jadawali ko zane ko taswira domin shugabanni su yanke shawara. Shafin da ke nuna waɗannan zane-zane a wuri guda shi ne allon bayanai. Daga cikin fitattun manhajojin wannan aiki akwai Power BI na kamfanin Microsoft da Tableau, sai kuma DHIS2 a fannin lafiya.

2.2 Sakakken Rubutu

Bayanan da ke shiga kwamfuta iri biyu ne. Akwai ƙayyadadde, wanda mai shigarwa ba shi da zaɓi sai abin da aka tanadar masa: lamba, kwanan wata, ko ɗaya daga cikin jerin zaɓi kamar namiji ko mace. Akwai kuma sakakke, wanda mutum ke rubutawa da kalmominsa, da tsawon da ya ga dama, da harshen da ya zo masa. Ƙayyadadde yana tarawa: biyar daga wannan cibiya da bakwai daga waccan sun zama goma sha biyu a matakin mazaɓa. Sakakke ba ya tarawa. Jimla biyu ba sa haɗuwa su haifi jimla ta uku, kuma daga wannan bambanci ne dukkan wahalar ta samo asali.

3.0 Tafiyar Bayanan Lafiya a Sakkwato

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. Kamar sauran jihohin Nijeriya, bayanan cibiyoyin lafiyarta suna bin tsari ɗaya na ƙasa. Ma'aikaci yana rubuta kowane majiyyaci a rajistar takarda ta sashensa: rajistar masu zuwa ganin likita, ta awo, ta haihuwa, ta rigakafi. A ƙarshen wata a taƙaita rajistocin a fom ɗin wata, a kai wa jami'in sa ido da tantancewa na ƙaramar hukuma, a shigar da shi manhajar DHIS2, daga nan jiha da tarayya su gani. Ita wannan manhaja ta samo asali ne daga wani aiki da aka fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, kuma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar gina ta. Ana amfani da ita a ƙasashe fiye da 70, Nijeriya kuwa ta ɗauke ta a matsayin dandalin bayanan lafiya na ƙasa tun wajajen 2013. Bayan annobar Ebola ta 2014 an kuma samar da SORMAS domin bin diddigin cututtuka masu yaɗuwa.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, rajistocin da fom-fom ɗin da Ingilishi aka tsara su, alhali hirar da ta haifar da bayanin, tsakanin uwa da ma'aikaciyar jinya, galibi da Hausa aka yi ta, kuma a wannan yanki da Sakkwatanci. Ke nan kowace lamba da ke kan allo fassara ce da aka riga aka yi, aka matse ta cikin akwatin da wani ya zana tun da farko. Gurbin sakakken rubutu ne kaɗai wurin da wani abu na ainihin maganar zai iya tsira.

4.0 Abin da Ba Shi da Akwati

Jerin zaɓi yana ɗauke ne da abin da aka riga aka sani. Misalai uku daga wannan yanki sun isa su nuna iyakarsa.

Na farko shi ne gubar dalma a Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaran suna amai da jijjiga, alamomin da suka yi kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi musu aiki ba. Daga baya aka gano cewa niƙan duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje ne sanadi, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya buɗe hanyar gano gaskiya bayani ne da ba shi da gurbi a jadawalin cututtukan da aka saba: magani ba ya aiki, kuma ana niƙa dutse a tsakar gida.

Na biyu ya faru a Jihar Sakkwato kanta. A watan Maris na 2024 aka sanar da Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Nijeriya labarin wata cuta a Ƙaramar Hukumar Isa, wadda ke sa cikin yara ya kumbura da ruwa, tare da zazzaɓi da amai da rama. A lokacin da aka fara ganin ta ba ta da suna. Cutar da ba ta da suna kuwa ba ta da lamba a jerin zaɓi, sai dai a siffanta ta da kalmomi.

Na uku shi ne cutar noma, wadda ke cinye naman baki da fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, kuma take kashe mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba. A birnin Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, amma sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan yankunan zafi da aka yi sakaci da su, bayan fafutukar da Nijeriya ta jagoranta. Matakinta na farko, wato ciwon dasashi da warin baki, shi ne lokacin da magani mai sauƙi ke tsayar da ita, kuma shi ne matakin da ya fi sauƙin ɓacewa a cikin akwatin "sauran cututtuka".

5.0 Ƙofofi Huɗu na Sakakken Rubutu

Ƙofa ta farko ita ce gurbin "saura, a fayyace" da ke ƙarshen jerin zaɓi, a fom ɗin takarda ko a manhajojin tattara bayanai ta wayar hannu irin su ODK da KoboToolbox. A nan rubutun yana maye gurbin zaɓin da babu.

Ƙofa ta biyu ita ce sharhin da ake maƙala wa lamba. A DHIS2 kowace ƙima da aka shigar tana iya ɗaukar sharhi, kuma tana ɗaure da abubuwan da ke tantance ta: ma'aunin da ake aunawa, cibiyar, da watan. Sai dai idan aka tara lambobin cibiyoyi zuwa matakin jiha, lamba tana hawa, sharhi yana zama a ƙasa, sai wanda ya sauka ya neme shi.

Ƙofa ta uku ita ce tsokacin da mai karatu ke rubutawa a kan rahoton da aka riga aka fitar. DHIS2 tana da wurin rubuta fashin baƙi a ƙarƙashin zane ko taswira, wasu su mayar da martani. Manhajoji irin su Power BI kuwa domin karatu aka fara gina su, don haka masu son mayar da rubutu cikin rumbu sukan dasa wani ƙaramin fom a cikin allon, misali ta hanyar Power Apps.

Ƙofa ta huɗu ta bambanta da sauran, domin rubutun ba adana shi ake yi ba. Ita ce akwatin nema, inda mai amfani ke rubuta kalma domin rahoto ya tace masa layukan da suka ƙunshe ta. A nan ne rubutun mai tambaya ke karo da rubutun mai shigarwa. Idan ba su rubuta kalmar iri ɗaya ba, kwamfuta za ta ce babu, alhali akwai.

6.0 Matsalolin da Suka Keɓanta da Hausa

6.1 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Tun shekarun 1930 rubutun boko ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ, bayan an daɗe ana nuna su da ɗigo. A tsarin Unicode kowannensu baƙi ne mai zaman kansa: ɓ yana da lamba U+0253, ɗ yana da U+0257, ƙ yana da U+0199. Wannan ya bambanta su da wasula irin é na Faransanci, wanda kwamfuta ke iya warware shi zuwa e da alamar samansa, ta yi watsi da alamar yayin nema. Baƙin ƙ ba ya warwaruwa haka, saboda haka a manhajoji da yawa wanda ya nemi "ƙyanda" ba zai ga "kyanda" ba.

Masu rubutu suna da dalilan barin ƙugiya. Allon madannan kwamfutocin ofis na Ingilishi ne. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar baƙi ɗaya mai ƙugiya ya shiga, iyakar saƙo ɗaya ta koma 70. Haka kuma idan aka fitar da bayanai a fayil aka buɗe shi da tsarin haruffan da bai dace ba, ƙ yana rikiɗa ya zama Æ™, ɗ ya zama É—. Wanda ya taɓa ganin rubutunsa ya koma haka, da wuya ya sake sa ƙugiya.

Cire ƙugiyar baki ɗaya ma ba mafita ba ce, domin tana bambanta ma'ana. Ɓari asarar ciki ne, bari kuwa aikatau ne da ke cika kowace hira. Ƙashi na jiki ne, kashi kuwa yana iya zama bayan gida ko kaso cikin ɗari. Wanda ya nemi "bari" domin ya ƙirga matan da suka yi ɓari zai kwaso har da "an bari sai gobe".

6.2 Alamar Hamza

Alamar da ke cikin ma'aikaci da 'ya'ya da sa'a tana da siffofi aƙalla uku a kwamfuta: miƙaƙƙiya U+0027, lanƙwasasshiya U+2019 wadda manhajojin rubutu kan sauya ta farko zuwa gare ta, da U+02BC wadda aka tanada domin aikin baƙi. Ido yana ganin su ɗaya, kwamfuta tana ganin uku. Ga wanda ya yi karatu a Nijar kuma, kamar masu zuwa daga Birnin Ƙonni ta iyakar Illela, 'y ana rubuta shi ƴ ne. Bugu da ƙari, manhajar Excel tana ɗaukar miƙaƙƙiyar alamar da ta zo a farkon gurbi a matsayin umarni, ta ɓoye ta, sai 'yar ta bayyana yar. A harshen tambayar rumbun bayanai na SQL kuwa, wannan alama ce ke buɗe rubutu da rufe shi. Idan an gina akwatin nema ta hanyar liƙa kalmar mai amfani kai tsaye cikin tambaya, rubuta 'ya'ya kawai ya isa ya karya rahoton, kuma ta wannan kafa ce masu kutse ke shigar da umarninsu. Maganin shi ne a miƙa kalmar a matsayin ƙima ta daban, kada a cakuɗa ta da umarnin.

6.3 Karin Harshe

Mutum idan yana sauri, yadda yake magana yake rubutu. Basakkwace zai iya rubuta: "Ɗiya ukku sunka taho da masassara, guda yah hwaɗi." A Daidaitacciyar Hausa wannan shi ne: "Yara uku suka zo da zazzaɓi, ɗaya ya faɗi." A jimla ɗaya an sami hw a madadin f, da sunka a madadin suka, da ninka baƙi a ukku da yah hwaɗi. Haka ake samun biyat a madadin biyar, da tahi a madadin tafi, da tcada a madadin tsada. Kalmar ɗiya ita ce ta fi haɗari, domin a Sakkwato tana nufin 'ya'ya maza da mata, a Kano kuwa 'ya mace guda. Manhajar da aka horar da rubutun jaridu da na gidajen rediyo, wanda mafi yawansa daidaitacce ne, za ta iya karanta jam'i a matsayin tilo.

6.4 Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalmomi da yawa suna haɗuwa a siffa ɗaya. Fara na iya zama ƙwaron da ke cinye amfanin gona, ko soma abu, ko launi. Shawara na iya zama cutar da ke sa ido ya yi ɗorawa, ko nasihar da aka ba majiyyaci, kuma "an ba ta shawara" jimla ce da ma'aikatan lafiya ke maimaitawa kullum. Misalin da ya fi dacewa da Sakkwato shi ne noma. Sunan cutar ya zo ne daga Girkanci, amma a rubuce ya yi daidai da aikin gona. Jami'in da ya rubuta "noma" a akwatin nema a tsakiyar damina zai sami tulin sharhi irin "mutane sun tafi noma, ba su kawo yara rigakafi ba". A ɗaya ɓangaren kuma, iyayen yaran ba sa kiran cutar noma. Sunan da aka fi ji shi ne ciwon daji, wanda kuma shi ne sunan da kafofin yaɗa labarai ke ba cutar kansa. Ke nan nema da sunan likitanci yana kwaso abin da ba a so, nema da sunan gida yana haɗa cuta biyu.

6.5 Ma'ana Ɗaya, Suna Da Yawa

Ƙyanda ita ce baƙon dauro, kuma a yankunan yamma ana jin dussa. Gudawa ita ce zawo ko zawayi. Kwalara ana kiran ta amai da gudawa. Zazzaɓi da masassara suna musanya wuri. A kan wannan sai a ƙara Ingausar ma'aikatan lafiya, inda jimla ke farawa da Hausa ta ƙare da taƙaitattun haruffan Ingilishi na asibiti, kamar ANC a madadin awo.

6.6 Korewa

Neman kalma ɗaya ba ya ganin korewa. "Akwai maganin zazzaɓi" da "babu maganin zazzaɓi" duk za su fito. Korewar Hausa kuma sau da yawa tana da ƙafa biyu, ba a farko da ba a ƙarshe, kamar a "ba a sami sanƙarau a wannan wata ba". Sannan ba ɗin kansa yana iya zama aikatau na bayarwa: "an ba yara magani". Rashin bin ƙa'idar raba kalmomi yana ƙara dagula lamarin, domin "ba a" takan zo a matsayin "ba'a" ko "baa".

7.0 Tsarin da Ya Dace

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da matakai shida.

Na ɗaya, a adana rubutu kamar yadda aka rubuta shi, cikin tsarin UTF-8 tun daga waya har zuwa rumbu, kada a gyara shi a wurinsa. Gyara fassara ce, kuma mai fassara yana kuskure. Idan asali yana nan, ana iya komawa gare shi.

Na biyu, a ɗaure kowane sharhi da makullinsa: wane ma'auni, wace cibiya, wane wata, wa ya rubuta, yaushe. A ajiye shi a jadawali na daban da na lambobi, domin sabunta lambobi kada ya share shi, kuma sabon sharhi ya zauna kusa da tsoho maimakon ya hau kansa.

Na uku, a samar da gurbi na biyu domin nema kaɗai, inda za a mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, a haɗe siffofin hamza, a daidaita ƴ da 'y, a kuma sauke ƙugiya. Kalmar mai nema ita ma a bi da ita ta wannan hanya. Sakamakon da ya yi daidai da ƙugiyar da aka rubuta ya fito a sama, sauran su biyo baya.

Na huɗu, a gina ƙamusun aiki wanda ke haɗa kowace ma'ana da dukkan siffofinta na kare-karen harshe da na Ingausa, tare da kalmomin da ke rakiyarta. Noma da ta zo tare da baki ko dasashi ko kumatu daban take da wadda ta zo tare da gona ko damina. Akwai tubalin wannan aiki a ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya nuna kalmomin Sakkwato da Katsina da sauransu, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ayyukan fasahar harshe irin su NaijaSenti na 2022 sun nuna cewa ana iya tattara rubutun Hausa na yau da kullum a yi masa alama da hannu, amma rubutun shafukan sada zumunta daban yake da na ɗakin awo.

Na biyar, a haɗa zaɓi da rubutu. Gajeren jerin dalilai, kamar ƙarewar kaya, rashin ma'aikaci, yankewar hanya, rashin tsaro, kuskuren shigarwa, yana ba da abin ƙirgawa, gurbin rubutu a gefensa yana karɓar saura. A riƙa duba abin da ke taruwa a "saura" lokaci-lokaci, duk abin da ya yawaita a ba shi nasa akwati.

Na shida, a nuna wa mai karanta allo cewa akwai sharhi a ƙarƙashin lamba, ko da da ƙaramar alama ce da ke faɗin adadin sharhin da ke ciki.

8.0 Sirri da Amana

Gurbin da ke karɓar kome yana karɓar har abin da bai kamata ba. Ma'aikaci zai iya rubuta sunan mace da unguwarta da cutarta a jimla ɗaya, jimlar ta bayyana a allon da mutane da yawa ke gani. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. A nan ma harshe yana da hannu, domin Hausa tana nuna mutum ba tare da sunan yanka ba: matar liman, ɗiyar maigari, amaryar gidan sarkin fawa. A ƙaramin ƙauye wannan ya fi suna bayyana mutum, kuma manhajar da ke share sunaye ba za ta gane shi ba sai an koya mata.

Akwai kuma amanar mai rubutu. Wanda ya rubuta "allurar ta ƙare mako uku, mun sanar ba a kawo ba" ya ɗora yatsa a kan wani na sama da shi, kuma sunansa yana maƙale da jimlar. Idan sakamakon faɗin gaskiya takardar tuhuma ce, wata mai zuwa zai rubuta "ba komai". Idan kuma ya yi ta rubutu ba a taɓa amsa masa ba, zai bar gurbin fayau. Don haka ingancin sakakken rubutu ya dogara ga samun wanda aka ɗora wa alhakin karantawa da mayar da amsa cikin ƙayyadadden lokaci.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gurbin sakakken rubutu shi ne inda rahoto ke samun labarin abin da masu tsara shi ba su hango ba, kamar yadda gubar dalma ta 2010 da cutar Isa ta 2024 da tarihin cutar noma suka nuna. Ta kuma nuna cewa a Sakkwato amfanin wannan gurbi ya rataya ne a kan abubuwan da ɗaliban Hausa ke karantawa tun shekarar farko: ƙugiya, hamza, raba kalma, karin harshe da korewa. Masanin kwamfuta zai iya gina akwatin, amma ba shi zai yanke hukunci a kan ko ɗiya tilo ce ko jam'i ba. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke zaune a tsakiyar masu wannan karin harshe, shi ne tattara kalmomin cuta da jinya na Sakkwatanci daga bakin masu su, a tsara su a siffar da manhaja za ta iya karantawa, sannan a gwada su a kan rubutun ma'aikata na gaskiya bayan an sami izini an kuma cire duk abin da ke nuna mutum. Irin wannan ƙamus zai amfani fannin ilimi da noma da kasuwanci, domin duk inda ake cika fom da Ingilishi bayan an yi hira da Hausa, matsalar ɗaya ce.